Na lalata kwamfutar shagon Kawu, an ɗora wa yaron shago laifin

"Assalamu alaikum. Ina aiki a shagon buga takardu na kawuna. Shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu, shi ya biya mini kuɗin difloma. Babbar kwamfutar shagon Ubuntu 22.04 ke kanta, wani nau'in tsarin Linux, ni na sa mata da hannuna. Kwanakin baya Kawu ya sayo ɗan abin kama wayafai da ake soka wa a USB, ya ƙi aiki. Na karanta cewa sabon kanel, wato zuciyar tsarin, zai gane shi, sai na koma shago bayan isha'i da mabuɗina, ban gaya wa kowa ba. Na sauko da kanel daga kernel.org ta wayata, na kwafi saitin tsohon, na shiga make menuconfig na kashe abubuwan da nake ganin ba ma buƙata, don ta ƙara sauri. Na zauna a kanta har wajen ƙarfe 3 na dare. Da na buga make install wani saƙon kuskure ya fito, barci na idona, ban tsaya karantawa ba. Na buga update-grub na kashe ta na tafi. Da safe aka kunna, rubutu ya tsaya cak a kan wannan layi: Kernel panic - not syncing: VFS: Unable to mount root fs on unknown-block(0,0).

"Kawu ya tambaya, tsoro ya kama ni, na ce wataƙila wuta ce ta buge ta. Sai ya ɗora laifin a kan yaron da ke koyon aiki a wurinmu, ya ce shi ya rufe shago bai zare soket ba. Ya yi masa faɗa a gaban mutane, ya hana shi kuɗinsa na mako. A cikin kwamfutar akwai kundin kammala karatu na ɗalibai 6 da muke buga wa, da lissafin bashin shago, kuma ba mu da kwafi a ko'ina. Mai gyara ya duba ya ce sai fomat, wato a goge komai a sake sa mata tsari, Kawu ya ce a kai masa ranar Asabar. Kwana 3 ke nan ba na barcin kirki. Yaya zan yi?"

Wani matashi, daga Zariya

Wa alaikumus salam, ƙanena. Bari in fara da abin da zai sa ka runtsa yau. Bisa abin da ka bayyana, kundin ɗaliban nan da lissafin Kawu suna nan yadda ka bar su. Layin da ka kwafo mini bai ce faifan ajiya ya mutu ba, cewa ya yi kanel ɗin da ka gina ya kasa isa gare shi. Mai gida ne ya dawo ya tarar ba mabuɗi a aljihunsa, kayan ɗaki kuwa ko tsinke bai motsa ba. Abin da zai hallaka su shi ne fomat ɗin ranar Asabar. Saboda haka, komai za a yi, kada kwamfutar nan ta bar shago kafin a kwafe abin da ke cikinta.

Ina so ka fahimci abin da ya faru, ba ka haddace umarni kawai ba, don na ga alamar kai mai son sanin tushen abu ne. In aka kunna kwamfuta mai Ubuntu, wata 'yar manhaja mai suna GRUB ce ke fara karɓar ragama. Takan ɗauko abu biyu daga folda /boot ta zuba su a ƙwaƙwalwar kwamfuta: kanel, wato zuciyar Linux, da wani ƙunshi da ake kira initramfs. Wannan ƙunshin guzuri ne. A cikinsa ake sa direbobi, wato ƙananan manhajojin da kanel ke buƙata don ya gane faifai, domin a Ubuntu direban faifan SATA ko NVMe galibi ba a jikin kanel yake ba, modul ne da ake lodawa daban. To ka ga matsalar: direban da zai buɗe faifai ba zai yiwu a ajiye shi a cikin faifan kaɗai ba, kamar ka kulle mabuɗin ɗaki ne a cikin ɗakin. Shi ya sa ake ba kanel guzurinsa a hannu tun daga ƙofa.

Lambobin ƙarshen layin nan ma suna magana. Da 8 da 2 ka gani, da mun ce kanel ya ga faifan, domin 8 ita ce lambar rukunin faifai irin su sda, sai dai bai iya karanta tsarin da aka rubuta shi da shi ba. Sifili da sifili na nufin bai gano faifan da aka ce ya tashi daga kansa ba. Kuma da guzurin ya buɗe lafiya amma direba ne babu a ciki, da ba wannan saƙon ka gani ba, da ta jefa ka cikin wata baƙar tagar umarni ta BusyBox tana cewa ba ta sami faifai mai lambar shaida (UUID) kaza ba. Tunda firgitar kanel, wato Kernel panic, ka gani kai tsaye, zargina yana kan guzurin kansa. Ko dai ba a gina shi ba, wanda shi na fi zato saboda saƙon da ka tsallake, ko kuma cikin abubuwan da ka kashe akwai CONFIG_BLK_DEV_INITRD, wanda ke ba kanel ikon karɓar guzuri, ko CONFIG_RD_ZSTD, wanda ke ba shi ikon warware irin matsin da Ubuntu 22.04 ke yi wa ƙunshin. Me zai hana a gina shi? Sau da yawa cikar faifai ce. Gina kanel da cikakken saitin Ubuntu yana iya cin sama da gigabait 20, kwamfutar shago kuwa da ma cike take da hotuna da takardun mutane.

Gyaran na iya ɗaukar minti 10, kuma wannan ne ke ba ni tsoro a kanka.

Na san abin da zuciya za ta raya maka da zarar ka gama karanta amsar nan. Ka koma da dare da mabuɗinka, ka tayar da ita, gari ya waye Kawu ya tarar tana aiki, ya sa maka albarka a gaban kowa. Kai ka zama gwanin da ya ceci shago, yaron nan kuma ya tabbata a matsayin sakaran da ya kusa nutsar da shi. Ƙanena, in ka yi haka, ƙaryar da tsoro ya fizge daga bakinka ranar farko ta zama wadda ka zauna ka zaɓa. Ta farko ina yi maka uzuri a kanta, don mutum ne kai, an tsare ka da tambaya a gaban wanda kake jin nauyinsa fiye da kowa. Ta biyu ba ni da uzurin da zan ba ka. Rashin barcinka na kwana 3 ma ba na jin kundin ɗalibai kaɗai ya jawo shi. Ka rubuto mini layin kuskure harafi da harafi, amma inda hannunka ya yi nauyi shi ne wurin "a gaban mutane".

Ka tsaya ka dubi yaron. Ya zo koyon sana'a, ba shi da mabuɗi, ba shi da dangi a shagon, ba shi da ilimin da zai kare kansa da shi. An ce masa bai zare soket ba, kuma mai yiwuwa tun ranar yake ta juya abin a ransa, ko na zare, ko ban zare ba. Kuɗin makon da aka hana shi wataƙila da shi yake shiga mota, ko yake miƙa wa mahaifiyarsa na cefane. Wannan haƙƙi ne, kuma a wuyanka yake, ba a wuyan Kawu ba, don shi hukunci ya yanke da shaidar da ka ba shi.

Shi ma Kawu ka yi masa adalci a zuciyarka. Mutumin da aka ba amanar aikin shekara guda na 'ya'yan mutane, ya wayi gari yana ganin ya salwanta a hannunsa, dole ransa ya ɓaci. Zai yi fushi in ka gaya masa, ba zan ɓoye maka ba. Zai iya karɓe mabuɗin na wani lokaci, kuma in ya karɓa yana da gaskiya, domin laifinka na asali ba gina kanel ba ne, shiga kayan amana ne da dare ba izini. Amma wanda ya riƙe ka tun kana maraya ba zai yar da kai a kan kwamfuta ba. Abin da zai fi yi masa ciwo shi ne ya ji daga wani bakin. Kuma zai iya ji, don duk wanda ya san Linux ya leƙa /boot zai ga sabon kanel da ranar da aka sa shi, har da ƙarfe nawa na dare. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Ka same shi a gida, ba a shago ba, lokacin da ya ci abinci ya natsu. Kada ka fara da bayanin initramfs, zai ji kamar kana neman mafaka a bayan manyan kalmomi. Ka durƙusa ka ce: "Kawu, na zo neman gafara. Abin da ya sami kwamfutar nan ni ne sanadi, ba wuta ba ce, kuma yaron nan ba shi da laifi. Na shiga da dare ina ƙoƙarin gyara wayafai na ɓata ta, tsoro ya hana ni faɗa." Ka yi shiru ya faɗi abin da zai faɗa, kada ka katse shi. Sai ya sauko sannan ka ƙara da cewa kana da kyakkyawan zaton takardun suna nan, kana roƙon a dakatar da fomat, a bar ka ka gwada a gabansa. In ka san bakinka zai mutu in kun haɗa ido, ka fara gaya wa mahaifiyarka ta raka ka wurin ɗan'uwanta, ko ka nemi matar Kawu ta share maka hanya. Rakiya na ce, ba aike ba. Maganar daga bakinka za ta fito.

Yaron kuma a gaban mutane aka ci masa fuska, a gaban mutane za a wanke shi. Ka ba shi haƙuri a shagon, inda maƙwabtan da suka ji faɗan za su ji wannan ma. Kuɗinsa ka biya daga aljihunka, ko da Kawu ya ce shi zai mayar masa.

Yanzu ga aikin hannu. Kafin komai ka ɗauki hoton allon da wayarka. Sannan ka sake kunna ta, da zarar tambarin kamfanin ya wuce ka riƙe Shift, in kuma tsarin UEFI take bi ka danna Esc. Wani lokaci jerin zaɓin GRUB yakan fito da kansa bayan tashin da ya gaza, mutane su yi ta danna layin farko ba su lura da na biyu ba. Layi na biyun nan, Advanced options for Ubuntu, shi kake nema. A ciki za ka ga kanel ɗinka a sama, don GRUB yakan sa mafi sabo a gaba, a ƙasansa kuma tsohon, mai ƙarewa da kalmar generic. In ba a taɓa sabunta kwamfutar ba tun fitowar farko ta 22.04, lambarsa za ta fara da 5.15. Umarnin make install ba ya goge tsohon kanel, kai ma ba ka ce ka goge ba. Ka zaɓe shi ka danna Enter.

In ta tashi, kada murna ta sa ka fara gyara. Ka soka filash mai girma ko faifan waje ka kwafe takardun mutane da lissafin shago tukuna, ka buɗe biyu ko uku a wata kwamfutar ka tabbatar sun kwafu lafiya. In kuwa ta kai ka allon kalmar sirri amma tana ta mayar da kai baya, wannan alamar cikar faifai ce. Ka danna Ctrl da Alt da F3 tare, ka shiga ta tagar rubutu, ka buga df -h ka ga abin da ya rage. In ya cika, ka shiga foldar da ka yi ginin ka buga make clean, wuri zai samu.

Daga nan ka buga ls -lh /boot ka duba. Kowane vmlinuz, wato fayil ɗin kanel, ya kamata a ga initrd.img, wato guzurinsa, mai lamba irin tasa a kusa da shi. In naka ba shi da abokin tafiya, ka ga ɓarawonka. In yana da shi, ka buga grep, umarnin neman kalma, a kan fayil ɗin config mai lambar kanel ɗinka ka nemi saituttukan nan biyu da na ambata. Ana iya gina guzurin da sudo update-initramfs -c -k da lambar kanel ɗin, amma a kan kwamfutar shago ban ba ka wannan shawarar ba. Cire shi za ka yi gaba ɗaya. Tunda da hannu ka sa shi, apt, manhajar da ke sa kaya da cire su a Ubuntu, bai san da zamansa ba, da hannu za ka fitar da shi: vmlinuz, System.map, config da initrd.img masu lambarsa a /boot, da foldarsa a /lib/modules, sannan sudo update-grub. Kafin ka goge komai ka buga uname -r ka rubuta amsar a takarda ka ajiye a gabanka. Wannan lambar ita ce ta kanel ɗin da kake kai, duk abin da ke ɗauke da ita ba a taɓa shi. A nan ne mutane ke neman gira su rasa ido, don haka da rana za ka yi, kana wartsake, kana karanta kowane layi sau biyu.

In aka yi rashin sa'a jerin bai fito ba, ko tsohon ma ya ƙi tashi, har yanzu ba a zo wurin fomat ba. Ka sa Ubuntu a filash a wata kwamfutar, ka tayar da ta shagon daga filash ɗin, ka zaɓi Try Ubuntu. Ka kula sosai, Try, ba Install ba. Faifan shagon zai bayyana a matsayin folda, ka kwafe komai. Bayan haka ana iya shiga tsarin da ke faifan ta hanyar chroot a sake gina initramfs da jerin GRUB, sai dai wannan matakin ina so ka yi shi tare da wanda ya taɓa yi. Garinku garin jami'a ne, ba za a rasa ɗalibi ko malamin kimiyyar kwamfuta da ke zaune a kan Linux ba.

Mai gyaran nan kada ka riƙe shi a rai. Yawancin masu gyara a kasuwanninmu a kan Windows suka koyi sana'a, kuma Windows ba ya karanta tsarin ext4 da Ubuntu ke rubuta faifai da shi, har yakan nuna maka kamar faifan na buƙatar fomat. Ya faɗi iyakar abin da ya sani ne. Na taɓa tsayawa a irin wannan rumfa na ga wata ɗaliba riƙe da kwamfutarta da aka goge aka sa mata sabon tsari, tana buɗe folda bayan folda, duk wayam, tana tambayar mai gyara ina babi na huɗu. Shi kuma da zuciya ɗaya yake ce mata ai yanzu ta fi sauri. Ban manta yadda ta zauna a bakin benci ta rufe fuska da mayafinta ba. Saboda ita nake nanata maka maganar kwafi.

Ɗaliban nan 6 su ma suna da haƙƙin sanin halin da ake ciki, musamman wanda ranar miƙa aikinsa ta matso. Wannan Kawu ne zai yanke, amma ka ba shi shawara a kira su. Wasu na iya samun kwafin farko a wayarsu ko imel. Daga yau kuma ka roƙe shi a sayi faifan waje guda, a riƙa kwafe aikin mutane kullum kafin a rufe shago. Wannan giɓin da ma yana nan tun kafin ka taɓa kanel, da wutar gaske ce ta buge faifan, da yanzu maganar daban ce.

Ban ce ka daina koyo ba, kuma zan ji zafi in wannan abin ya sa ka ji tsoron taɓa kanel har abada. Tun da Linus Torvalds ya saki Linux a 1991 yana ɗalibi a Helsinki, a buɗe aka bar shi don irinku su buɗe su gani. Sai dai saitinsa ya haura zaɓi 10,000, kuma da yawansu suna rataye da juna ta hanyar da suna kaɗai ba ya nunawa. Kashe su bisa zato ba ya ƙara saurin da za ka ji a jikinka, domin modul ɗin da ba a buƙata da ma ba a loda shi. Wurin gwaji shi ne kwamfutar cikin kwamfuta, ta VirtualBox ko QEMU, ko wata tsohuwa da ba kayan kowa a ciki. A can ka fara da saitin da ke aiki, ka buga make olddefconfig, ka canza abu ɗaya, ka gwada, sannan na gaba. In ka danna alamar tambaya a kan kowane zaɓi cikin menuconfig zai gaya maka aikinsa. Ka yi amfani da make bindeb-pkg maimakon make install, don ya fitar maka da ƙunshin da dpkg zai sa ya kuma cire cikin tsafta. Saƙon kuskure kuwa, komai dare, a karanta shi.

Saura wayafai ɗin da ya jawo duk wannan. Bayan ƙura ta lafa, kuma da izinin Kawu, ka jona wayarka da kebul ka ba kwamfutar intanet ta USB, ka sabunta ta. Ubuntu na da hanyarsa ta ba da sabon kanel da aka riga aka gwada, ƙunshin linux-generic-hwe-22.04, wanda ke kai ka 6.8, tsohon kuma yana nan a jerin GRUB in an buƙace shi. Ka tabbatar linux-firmware ma ya sabunta. In duk da haka ɗan abin bai kama ba, ka soka shi ka buga lsusb. Za ka ga layinsa da wasu lambobi takwas da ɗigo biyu a tsakaninsu, su ne sunansa na gaskiya, ba wanda ke jikin kwali ba. Ka turo mini su in gaya maka ko akwai direban da za a sa masa ta DKMS, hanyar ƙara wa kanel direba daga waje, ko gara a mayar wa mai kanti a canzo wanda Linux ya sani. In za ka rubuto, ka gaya mini yadda kuka yi da Kawu, da ko yaron ya karɓi kuɗinsa. Allah ya sassauta maka, ya sanyaya zuciyar Kawu.